Kwalin Naɗi da Kwalin Wuta

Nima, Accra
19 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Yaya Osman, a Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya koyon aiki, ya mutanen maɗaba'ar, suna nan suna yi wa Hausarka ta Nima dariya? Mu nan lafiya lau. Mma tana gaishe ka, ƙanwarmu Mulikatu tana gaishe ka. Ruwa ya sauka, babbar gota, kwatar nan ta unguwa, ta cika ta kawo wa kowa takalmin da ba nasa ba. Gaisuwa ta ƙare, yanzu saurari abin da abokinka ya yi mana.

Seidu nake nufi. Seidunka na Kokomlemle, mai gyaran kwamfuta, mai yawo da jaka kamar likita. Na kira shi shagonmu na buga takardu don firinta tana cije takarda. Cije takarda kawai, Yaya. Na bar shi a shago na tafi New Town sayo kaya, na dawo na tarar yana murmushi, wai ya yi mana alheri: ya sauke tsohon tsarin da kwamfutar ke aiki da shi, ya ɗora sabo, wanda duk ofisoshin gari suke yayi. Kyauta ma, in ji shi. Mutum ya je aski a cire masa haƙori kyauta, godiya zai yi?

Ban ƙi ba, Turanci yana fita tsaf. Amma haruffan Larabcin da ka zuba mata kafin ka tafi sun bi tsohon tsari sun tafi, kuma ya ce ba ya iya dawo da su. Ka san abin da wannan ke nufi: aikin Mma.

Matar nan da kaskon ƙosai ta raine mu tun rasuwar Baba. Sai da ta tsufa ta samu sukunin shiga ajin Malama Salimatu a Maamobi, ga shi ta sauke, walima Lahadin ƙarshen Yuni. Ƙa'idar Malama kuwa, kowace mai sauka da bakinta za ta karanta addu'ar sauka, takarda a hannu, gaban jama'a. Ka san idon Mma. A allo ta yi karatunta, ana rubuta mata harafi kamar ɗan yatsa. Ɗan littafin addu'ar da ake sayarwa a Zongo Lane, ta ce tururuwa kawai take gani a ciki. Da Malama ta ce to a sa wata yarinya ta karanta mata, ita ta riƙa cewa amin, sai Mma ta ce, "Shekara sittin ana karanta mini ina cewa amin. In haka ne ku ci shinkafarku, ina gida." Ni kuma da wannan bakin nawa na miƙe gaban masu layin koko da ƙosai, na ce zan buga mata addu'ar da haruffa irin na goshin motar haya, trotro, waɗanda makaho ma sai ya kauce musu. Aka yi tafi. Nima duka ta ji.

Tun daga ranar nake bugawa, harafi-harafi, wasali-wasali, in gwada a takarda, in gyara da jan biro, in sake. Shafin ƙarshe kaɗai ya rage. Yau na buɗe aikin, sai ga haruffa sun rabu, kowane yana tsaye shi kaɗai kamar 'yan gida ɗaya bayan rabon gado, kuma sun juya suna tafiya daga hagu. Wasu sun zama akwatuna. Na ce bari in tura wa firinta, ko ita tana da hankali. Ta fara aman takarda. Layi ɗaya a saman kowace: zuciya, fuska mai dariya, da alamomin nan na karta. Addu'ar sauka ta koma karta, Yaya. Na danna, na danna, ta ƙi tsayawa, sai da na fizge waya daga bango.

Abu biyu nake nema. Na farko, diskin haruffan nan. Na birkice shago ban gan shi ba, in yana wurinka ka ba Alidu direban motar goro ya kawo. Na biyu, fatawa. Kai ka kafa mana kwali biyu a shago: na naɗi, wanda Mma ke naɗe ƙosai da takardunsa, da na wuta, na duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah, wanda take ƙonewa a murhu kafin ta ɗora mai. Gwaje-gwajena duk na wuta suka bi, da tuni ina da abin nunawa. To waɗannan masu karta fa? Addu'a na tura, shirme ya fito. Wane kwali?

Ban gaya wa Mma komai ba. Kai ma kada ka gaya wa kowa.

Naka,
Jalilu

*

Fagge, Kano
1 ga Yuni, 1997

Zuwa ga ƙanena Jalilu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da kai da Mma da Mulikatu da dukan mutanen gida. Ina lafiya, aiki yana tafiya, an fara barina in taɓa babban inji. Dariyar Hausata ta ragu, sai in na kira aboki "cale" irin na Accra ba da sani ba.

Wasiƙarka ta iso da zafinta, har Alidu ya ce ta ɗumama masa aljihu. Na karanta wa maigidana wurin rabon gado, ya yi dariya har ya cire hula.

Diskin yana cikin jakata, na taho da shi bisa kuskure. Amma ko na aiko ba zai yi maka amfani ba, an yi shi ne don tsohon tsari. Akwai wanda ya dace da sabon a wurin wani abokin maigida, sai dai ya yi tafiya Zariya. Da ya dawo zan kwafa in ba Alidu. Ba zan yi maka alkawarin rana ba, alkawari gaban jama'a sana'arka ce.

Kafin nan ka gwada ƙara girman ɗan littafin a injin hoto, ko ka sami malami mai kyan hannu ya rubuta. Kuma ka sassauta wa Seidu. Ba mugu ba ne, mai ɗoki ne, kuma shi kaɗai ke zuwa Nima in an kira shi ba tare da ya tambayi ko an gyara hanya ba.

Maganar kwali ta fi ƙarfina. Na tambayi mutum biyu a nan, ɗaya ya ce abin da ba ya karantuwa ba rubutu ba ne, ɗaya ya ce niyya ake dubawa, har yanzu suna musu ni na taso. Ka tambayi mai murhun. Shawarata ma ka gaya mata gaskiya gaba ɗaya. Yaron da ya koyi karatu a takardun naɗin ƙosanta, yana lasar mai yana haɗa baƙi, ba shi da abin da zai ɓoye mata.

Ka gaishe ta da kyau, ka ce ina neman albarka.

Yayanka,
Osman

*

Nima
12 ga Yuni, 1997

Yaya Osman,

Salamu alaikum, ina gajiya, ya Kano. Kowa lafiya. Na ga wasiƙarka, na ga kuma ka koyi wa'azi a can tare da aikin inji. Madalla.

Injin hoto: na gwada. Haruffa sun girma, datti ma ya girma. Ɗigo ya haɗe da wasali, kowane layi kamar an taka shi da taya. Ni mai ido biyu ban karanta ba.

Malami mai kyan hannu: na je wurin Malam Idrisu na bayan masallaci. Hannunsa kamar zane, amma irin rubutun dattawa ne, ɗigon wasu haruffan ba inda Mma ta saba ganinsa yake ba, don Malama da zubin bugu take koyar da su. Na ce ko zai rubuta irin na bugu. Ya dube ni ya ce shi ba inji ba ne. Na ce ai na sani, inji ba ya karɓar goro. Yanzu ba ma gaisawa sosai.

Kada ka ce in rubuta da kaina. Ka san hannuna, kamar kaza ta bi ta kan ɗanyen siminti.

Seidu kuwa, zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: kullum yana zuwa. Ya shawo kan firinta, ta daina aman karta, ta daina cizo. Ya zaga Kanda da Adabraka yana neman mai haruffan Larabci, ya samo wasu a wurin wani ɗan Lebanon, muka zuba, suka fito ba wasali ko ɗaya. Mma ba ta gane kalma sai da wasalinta. Na kira shi kwasiya, wato wawa, da yaren Twi don ya ji da kyau. Ya ce ya yarda, ya miƙo mini gyaɗa. Yaya za ka yi faɗa da mutum irin wannan? Yana ɓata wa mutum fushi.

Abin da ya fi damuna Mma ce. Ta daina maganar zama a gida. Ta kai ɗinki, ta sayi mayafi fari, tana soya ƙosai tana ƙunƙuni da murmushi. Jiya Mulikatu ta ce ta ji ta tana gaya wa Zelia mai kifi cewa ranar walima za a ga aiki. Da me za a ga aikin? Da alkawarina. Na daina bi ta gaban kaskonta, da safe ta lungun masu gawayi nake zagawa, ina karyawa da shinkafa da waken wata mata da ba ta san gishiri ba. A gida in ta shigo in fita, in ce aiki ya yi yawa.

Takardun kartan nan suna nan a ƙarƙashin tebur, ba su shiga kowane kwali ba. In na kai mata su, tambaya za ta yi.

Alidu ya ce in ya juya yanzu, ba zai sake shigowa Accra ba sai Yuli ta kama, ga iyakoki uku, kowace da masu buɗe buhu. Ka ga ke nan diskinka zai zo cin ragowar shinkafa. Duk da haka ka aiko.

Naka,
Jalilu

*

Nima
20 ga Yuni, 1997

Ɗana Osman,

Mulikatu ce ke rubutawa, ni Amama nake faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Ina gaishe ka, ina sa maka albarka. Kana cin abinci? An ce mutanen can ba su san barkono ba sai yaji, ka daure. Wani ɗan Maamobi zai hau jirgi zuwa can, shi zai kawo maka wannan.

Ƙanenka ya guje ni. Ina ganinsa yana bin lungun masu gawayi yana sunkuyar da kai, wai ban gan shi ba. Idona harafi ne ba ya gani, tafiyar ɗan da na goya kuwa ko cikin duhu na san ta. Na ƙyale shi, na ce ko wata yarinya ce.

Shekaranjiya sai ga wannan yaron mai jaka, Seidu, ya zo ya durƙusa gefen kasko, mutane suna kallo. Ya ce Mma ki yafe mini, ni na ɓata aikinki. Ya yi ta bayani, tsari, tsari, ban gane ba. Abin da na gane shi ne inji ya manta Larabci, Jalilu kuma kunya ta hana shi cin ƙosaina. Na ba yaron ƙosai na ce tashi, mai zai fallatsar maka.

To bari ka ji nawa. Kwalin wutar nan da kuke kawo mini, shekara da shekaru ina ƙonewa, ban taɓa dubawa ba, don ba abin da zan gani. Wata safiya na ɗauko takarda zan sa a murhu, sai na ga harafin "ba" na Larabci. Ga shi nan ƙato, da ɗigonsa a ƙasa, yana kallona. Na matsar da ita nesa, yana nan. Na karanta layin, na karanta na biyu. Osman, ban taɓa karanta takarda ba a rayuwata, allo kawai. Ranar sai da kaskon farko ya ƙone. Wa zai sa wannan a wuta? Na ninke na sa cikin langar da nake ajiye mayafi. Kullum aka kawo kwali in tsince masu manyan haruffa, sauran in ƙone. Na kai wa Malama ta jera mini su, ta ware waɗanda suka maimaitu. Inda ya yi gyara da jan biro ta bi ta duba, ta ce daidai ne, ni kuma jan nan shi ke nuna mini inda zan taka a hankali. Da su nake bita tun kafin ruwa ya sauka.

Za ka ce me ya sa ban gaya masa ba. Wa ya tambaye ni? Na ɗauka zai kawo mai tsabta ranar walima, in yi kamar ban taɓa gani ba, ya ji daɗi.

Jiya na rufe kasko na ɗauki langa na tafi shagon. Na tarar da shi yana zagin inji. Na buɗe langa na zuba masa a tebur. Yaron nan da bakinsa ba ya rufuwa ko a barci, ya tsaya yana kallo kamar an ɗauke wuta. Da ya samu magana sai ya ce, "Mma, ai akwai mai a jiki." Na ce kai ma da mai a jikin takarda ka yi karatu, me ya rage ka?

Shafin ƙarshe ne babu, na addu'ar iyaye da malamai. Na ce ya rubuta da hannunsa. Ya ce hannunsa ba kyau. Na ce ba aurensa zan yi ba, karantawa zan yi.

Ya nuna mini waɗansu takardu a ƙarƙashin tebur, masu zanen zuciya da fuska, wai ku da malaman Kano kun rasa kwalin da za su shiga. Wannan ma abin musu ne? Takarda ta tashi za ta ambaci Allah, harshenta ya sarƙe. Mai in'ina in ya yi addu'a, naɗe ƙosai ake yi da ita? Na kwashe su, yau da asuba na ƙone, sun ci wuta da kyau.

Ka yi mini addu'a kada muryata ta yi rawa. In ka tashi dawowa ka taho mini da turare irin na can.

Uwarka,
Amama

(Yaya, ni Mulikatu na ƙara wannan: ya dawo cin ƙosai, har da neman gyara.)

*

Nima
1 ga Yuli, 1997

Yaya Osman,

Salamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, ka raba wa wanda ka ga dama. Na san Mma ta riga ta tona mini asiri, don haka walima kawai zan ba ka.

Shafin ƙarshe da biro na fara, na yaga, na sake, na yaga. Sai na tafi wurin Mahama mai fenti, wanda ke rubuta wa trotro kirari a goshi, na aro ɗan burushinsa da baƙin fenti. Seidu ya ja mini layi da rula a bayan tsohuwar kalanda, ni na bi zubin bugu ina kwaikwaya kamar mai zanen gida. Na ce haruffa irin na goshin trotro, to ga su da burushin trotro ɗin kansa. Wanda ya ce ban cika alkawari ba ya zo Nima ya same ni.

An kafa rumfa a filin makaranta, mata sun cika ta, fari fat. Ruwa ya yi ta barazana bai sauko ba. Masu sauka su bakwai, shida 'yan mata, sai Mma. Da aka kira ta, ta fito da takardunta daga cikin mayafi, ga jan biro, ga tabon mai, ga kalanda a ƙarshe, ana hango hoton wani banki a bayanta. Wata a bayana ta ce, "Wannan kuma wane irin littafi ne?" Na juya zan ba ta amsa, Mulikatu ta take mini ƙafa.

Ta karanta, Yaya. A hankali, tana bin layi da yatsa. A shafi na uku ta tsaya. Yarinyar da ke gefenta ta buɗe baki za ta ɗora mata, Mma ta ɗaga mata hannu ba tare da ta dube ta ba, kamar yadda take yi wa mai son tsallake layi. Ta koma farkon layin, ta haɗa kalmar da kanta, ta wuce. Daga nan ban ƙara ganin komai sosai ba, hayaƙin masu dafa shinkafa ya shiga mini ido.

Da ta kai kalanda muryarta ta ƙara ƙarfi, ina jin don haruffan sun fi girma ne. Ta yi wa iyaye, ta yi wa malamai, ta yi wa Baba. Sai ta sauke takarda ta ƙara nata da Hausa, wanda ba na rubuta ba: "Allah ka dawo da Osman lafiya. Allah ka shirya tsakanin Jalilu da injinsa, ka sanyaya masa baki. Kaɗan dai, ya Allah, kada ka kashe wutar duka." Rumfa ta ɗauki amin da dariya. Wanda ya fi kowa ɗaga murya Malam Idrisu ne, na gan shi.

Seidu ya ci faranti biyu. Na bar shi.

Naka,
Jalilu

*

Nima
16 ga Yuli, 1997

Yaya,

Salam. Alidu ya iso, diski ya iso, haruffa sun sasanta sun koma daga dama. Na buga addu'ar fes, na sa mata bango kore, na kai wa Mma. Ta shafa, ta ce da kyau, ta ce a ba Zelia mai kifi, ita ma ta shiga aji kuma idonta ba shi da ƙarfi. Mma kuwa nata na langa take karantawa.

Tsofaffin ajin Malama sun fara zuwa shago ɗaya bayan ɗaya, kowace tana son "irin na Amama". Ɗaya ta tambaya ko jan biron ma ana sa wa.

Seidu ya ce ya ji labarin wani sabon tsari zai fito baɗi, wanda ya fi wannan. Ban zage shi ba, ka ga addu'a ta fara kama ni. Kwalin wuta kawai na nuna masa, na tambaye shi ko yana ganin kwalin zai ɗauke shi, shi da jakarsa.

Kada ka manta turaren Mma. Sai ka zo.

Ƙanenka,
Jalilu